Kundin aikin sake buɗe sashen tsokaci a jaridarmu

Litinin, 6 ga Janairu

Yau babban edita ya amince a sake buɗe wa masu karatu wurin tsokaci a ƙarƙashin labaranmu, bayan wata goma sha ɗaya yana rufe. Ba da son ransa ya amince ba. Ya ce, "Malam, waɗanda suka fi mu ma'aikata da kuɗi sun gwada sun haƙura." Gaskiya ya faɗa. Mujallar Popular Science ta rufe nata a 2013, Reuters ta bi sahu a 2014, gidan rediyon NPR na Amurka ya rufe a 2016 bayan ya ƙirga ya ga masu tsokacin ba su wuce kashi 0.06 cikin ɗari na masu shiga shafinsa ba.

Na ce masa, "Yallaɓai, rufewar da muka yi ba ta sa mutane sun yi shiru ba. Sun koma Facebook ne, suna ta yi a ƙarƙashin sunanmu da tambarinmu, ba mai kallonsu." Abin da ya fi damuna ke nan tun bara. A da, in muka yi kuskure a labari, kafin awa guda wani ya nuna mana. Yanzu sai kuskure ya kwana biyu ba mu sani ba.

Sharuɗɗansa: mako takwas na gwaji, labari biyar kacal a rana, ni da abokiyar aikina ɗaya, sai injiniyanmu da zai ba mu awa shida a mako. In abu ya ɓaci sau biyu, a rufe.

Laraba, 8 ga Janairu

Injiniya ya ɗora manhajar Coral. Ita muka zaɓa domin don gidajen jarida aka gina ta tun asali: Mozilla da New York Times da Washington Post suka haɗa hannu a kanta a 2014, ta koma hannun Vox Media a 2019, kuma kowa na iya ɗaukarta ya girka a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa na intanet. Aikin ya ci masa awa tara, wato ya riga ya cinye rabon mako ɗaya da rabi. Saƙon tabbatar da imel ɗin masu rajista yana faɗawa akwatin tarkace. Ya ce gobe zai gyara.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙa'idoji. Daftarin farko da na rubuta ya kai shafi uku. Abokiyar aikina ta karanta, ta ajiye, ta ce, "Yaya, wa zai karanta wannan a waya, yana cikin fushi?" Muka zauna muka datse shi ya dawo layi bakwai. Jigonsu: a soki magana, kada a taɓa mutuncin mai ita, ba a ɗora wa ƙabila ko addini laifin mutum ɗaya, ba a sa sunan wanda ba a ambata a labari ba, ko lambarsa, ko inda yake zaune, ba talla. Layi na ƙarshe alkawari ne daga gare mu, cewa duk wanda aka cire masa tsokaci za a gaya masa dalili.

Mun daɗe a kan batun suna. Edita yana so kowa ya yi amfani da sunansa na gaskiya, a ganinsa kunya za ta hana ashar. Ban yarda ba. Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan doka a 2007, kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke ta a 2012. Kuma ba sai an je nesa ba: a shafinmu na Facebook mutane na zagi da sunansu da hoton 'ya'yansu a gefe. Wanda dokar suna za ta kora shi ne ma'aikacin da ya san abin da ke faruwa a wurin aikinsa, da matar da ba ta son a bi ta har gida. Mun tsaya a kan laƙabi ɗaya tak ga kowane mutum, wanda ba a sauyawa, tare da imel da aka tabbatar.

Talata, 14 ga Janairu

Mun buɗe da ƙarfe tara na safe. Tsokaci 63 a ranar farko, 11 daga ciki talla ne. Mutum uku sun rubuto cewa sun yi kewar wurin.

Juma'a, 17 ga Janairu

Matsala ta farko, kuma ni na haifar da ita. Na tara jerin kalmomin zagi na ba manhaja, duk tsokacin da ya ƙunshi ɗaya daga ciki a riƙe shi. A cikin jerin akwai "kare" da "wawa". Yau da na buɗe akwatin waɗanda aka riƙe sai na tarar da tsokaci 28, kuma 22 daga ciki ba su da laifin komai. Wani ya rubuta cewa wajibi ne hukuma ta kare haƙƙin ma'aikata. Wata ta ce wa'adin ya ƙare, amma wayarta ba ta da ƙugiya, sai ya fito "kare". Wani kuma wawa ya ambata a cikin karin magana, ba da kowa yake ba. Kwana uku mutanen nan suna jira, suna zaton ra'ayinsu ne ba ma so.

Su kuwa masu cin mutunci na ainihi sun wuce salin alin. Wani ya ce wa wata mai tsokaci, "Ai mun san irin gidan da kika fito." Babu kalmar zagi ko ɗaya a ciki, amma duk mai jin Hausa ya san an gama da ita. Habaici da gugar zana ba sa shiga jerin kalmomi.

Injiniya ya kawo maganar Perspective, manhajar da Jigsaw da Google suka fitar a 2017, mai auna zafin magana ta ba ta maki. New York Times ta yi amfani da irinta tun shekarar, bayan da can kusan kashi goma cikin ɗari na labaranta kawai take iya buɗewa domin mutane ke karanta komai da ido. Amma ko a can na'ura jera musu aiki take yi, mutum ke yanke hukunci, kuma da tarin tsokacin Turanci da ma'aikatansu suka shekara da shekaru suna tacewa aka koya mata. Mu ba mu da irin wannan tarin. Na rage jerin zuwa ashar tsantsa guda tara da ba su da wata ma'ana ta biyu. Na kuma rubuta wa mutum 22 ɗin nan na ba su haƙuri. Ya ci mini awa biyu.

Litinin, 20 ga Janairu

Lafiya lau. An toshe asusun talla takwas.

Alhamis, 23 ga Janairu

Zan rubuta wannan dalla-dalla don kada in manta da yadda ya faru.

Jiya da yamma aka buga labarin wani direba da ya kaɗe yaro ya gudu. Labarin bai ambaci sunan kowa ba, domin ba a kama kowa ba. Ni na sa shi cikin biyar ɗin da za a buɗe, ina ganin mutane za su yi magana a kan tuƙin ganganci. Tsarinmu shi ne a rufe komai da ƙarfe goma na dare da hannu. Na ɗauka abokiyar aikina ce da rufewa, ita kuma ta ɗauka ni ne. Ba wanda ya rufe.

Da misalin sha ɗaya da rabi wani sabon asusu ya rubuta cewa ya san direban. Ya sa cikakken sunan wani mutum, da irin motarsa, da layin da yake zaune. Kafin asuba mutum sama da talatin sun amsa. Wasu na tsine masa, biyu sun ce a je gidan. Masu karatu shida sun danna maɓallin ƙorafi, kuma Allah ya saka musu da alheri, amma ƙorafin ya tarar da mu muna barci. Na gani da ƙarfe shida da kwata. Kusan awa bakwai sunan bawan Allah yana rataye a shafinmu.

Na cire, na ɗauki hoton komai na adana, na kira edita. Ƙarfe tara ƙanen mutumin ya bugo waya ofis. Muryarsa na rawa. Ya ce an riga an ɗauki hoton tsokacin ana yawo da shi a WhatsApp, yayansa ya kwashe iyalinsa ya kai su wani wuri. Ba ni da abin da zan ce masa da ya wuce haƙuri. Gogewar da na yi ba ta kai inda maganar ta riga ta kai ba. Magana zarar bunu ce.

Edita bai ɗaga murya ba. Ya kira lauyan kamfani, shi kuma ya tuna mana cewa "ba mu muka rubuta ba" ba kullum take fitar da jarida ba. A 2015 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta goyi bayan hukuncin da aka yi wa shafin labarai na Delfi a Estoniya kan tsokacin masu karatu. A 2021 babbar kotun Ostireliya ta ce kafafen labarai su ne mawallafan abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin labaransu a Facebook, har CNN ta rufe shafukanta na Facebook ga mutanen ƙasar. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ni ba shari'a ce ta hana ni cin abinci yau ba.

Mun wallafa sanarwa a saman labarin cewa an yi wa wani mutum ƙage a sashen tsokaci, cewa ba shi da tushe, kuma sakacinmu ne ya bar shi ya kwana. Edita da kansa ya kira iyalin. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗaya ke nan, Malam."

Abin da aka canza daga yau: manhaja ce za ta riƙa rufewa da kanta ƙarfe tara na dare. Labarin laifi da ba a kai kotu ba, da na mutuwa, da duk wanda ya shafi ƙaramin yaro, ba a buɗe su sam. Sabon asusu ba zai ga tsokacinsa ya fito ba sai ɗayanmu ya karanta, har sai ya yi biyar masu tsabta. In ƙorafi uku suka taru a kan tsokaci ɗaya, ya ɓuya da kansa kafin mu zo. Sunan mai gadi na kowace rana kuma a rubuce a allo.

Litinin, 27 ga Janairu

Na ƙirga lokaci. Mu biyu muna kashe awa 31 a mako a kan wannan aiki, bayan ainihin aikinmu na tebur. Karanta tsokacin sababbi kafin ya fito shi ya fi cin lokaci, kuma wasu na ƙorafin jira. Na sa rubutu a akwatin da ke gaya musu za a duba cikin awa guda. Kuɗin sabar bai taka kara ya karya ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako guda ina bin 'yan ɗakin labarai su riƙa leƙowa ƙarƙashin labaransu. Binciken da Natalie Stroud da abokan aikinta na Jami'ar Texas suka yi ya nuna cewa in ɗan jarida ya shiga tattaunawa da kansa, rashin ladabi yana raguwa. Amma yawancin 'yan ɗakin labaranmu sun ce ba su da lokaci. Wata wakiliyarmu kuwa ta ce, "Malam, kai ba ka san abin da ake rubuto mini ba." Ta buɗe wayarta ta nuna mini. Ban ƙara matsa mata ba, kuma ba zan ƙara ba. Lokacin da jaridar Guardian ta binciki tsokaci miliyan 70 na shafinta a 2016, cikin marubuta goma da aka fi ci wa mutunci takwas mata ne, maza biyun kuma baƙaƙen fata. Na yi mata alkawarin cewa in ta taɓa son shiga, ni zan fara share wurin kafin ta gani.

Wakilinmu na harkar lafiya shi ya yarda. Ranar Alhamis ya kammala labarinsa kan ƙarancin ma'aikatan jinya da tambaya ɗaya: in kina aikin jinya ko kana yi, marasa lafiya nawa kuke dubawa a dare ɗaya? Ya zauna minti arba'in yana amsawa. Ban taɓa ganin sashenmu haka ba. Mutane suka riƙa ba da labarin aikinsu, wata ta gyara masa sunan wani mataki na ma'aikata da ya rubuta ba daidai ba, ya gode mata a fili, ya gyara labarin. Tsokaci biyu kawai na cire cikin 74. Ya kuma samu mutum uku da zai yi hira da su don labari na gaba.

Abin da na lura da shi a makonnin nan: awa ta farko ita ce komai. In tsokaci uku na farko na hankali ne, na bayansu sukan bi sahu. In na farko ya zo da zagi, to an buɗe ƙofa. Masu bincike na jami'o'in Stanford da Cornell sun nuna haka a 2017: mutumin kirki ma yakan ɓata bakinsa in ransa a ɓace yake kuma ya tarar ana yi. Don haka mun sauya tsari. Ba a buɗe labari sai ɗayanmu na zaune yana kallo na awa guda, kuma mukan ɗauki tsokaci mai ma'ana mu maƙala shi a sama.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ba wani abu. Injiniya ya gyara agogon rufewa, yana gaba da awa ɗaya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Akwai wani mai karatu da kullum yake nan, kuma kullum jaridar yake suka. Ya ce kanunmu na yaudara ne, ya ce muna jin tsoron masu ba mu talla. Ranar Talata ya rubuta cewa wani labarinmu kwafin sanarwar kamfani ne aka sa masa sunan wakili. Na dakatar da shi na mako guda.

Yau abokiyar aikina ta zo da ƙa'idojin a buge a takarda, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Yaya, don Allah nuna mini layin da ya karya." Na bi layi bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Babu. Bai zagi kowa ba, bai ambaci sunan wakilin ba. Ya dame ni ne kawai, kuma tun abin da ya faru a watan jiya hannuna ya yi saurin kai wa maɓalli. Na je na nemo sanarwar kamfanin. Sakin layi huɗu cikin shida iri ɗaya ne da namu.

Na ɗage dakatarwar, na mayar da tsokacinsa, na rubuta masa cewa na yi kuskure kuma maganarsa gaskiya ce. Na kai wa edita batun labarin. Amsar mutumin gajeriya ce: ya ce shekara tara yana karanta mu, shi ya sa abin ke masa ciwo. Daga yau ba mai dakatar da kowa shi kaɗai, sai na biyu ya duba. Duk sukar da ta shafi jaridar kanta kuwa, wanda ba aikinsa aka soka ba shi zai yanke hukunci.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun gwada dabarar da sashen fasaha na gidan watsa labaran Norway, NRK, ya ɓullo da ita a 2017: kafin mutum ya yi tsokaci sai ya amsa tambayoyi uku kan labarin, don a tabbatar ya karanta. Kwana huɗu muka yi muka janye. Rubuta tambayoyi goma sha biyar kullum aiki ne, masu tsokaci sun ragu sosai, kuma waɗanda suka ɓace su ne masu shigowa jefi-jefi da ƙaramar waya. Masu naci sun amsa sun wuce. Awa biyar na injiniya sun tafi a nan.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Facebook. Can ne har yanzu ba mu da iko sosai. Tun 2021 mai shafi na iya taƙaita waɗanda za su yi tsokaci a kan kowane rubutu, don haka yanzu labaran da ba ma buɗewa a shafinmu, can ma muna rufe su. Mai kula da shafukan sada zumunta bai ji daɗi ba, ya ce labaran da ake faɗa a kansu su suka fi yaɗuwa. Na san haka ne. Edita ya goyi bayana.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Abokiyar aikina ta nemi hutun kwana uku daga akwatin ƙorafi. Ta ce ta fara jin zagin a kunnenta in ta kwanta. Na karɓi nata. Ban yi lissafin wannan ba da na tsara aikin, na ƙirga awoyi ban ƙirga abin da mutum ke haɗiya a cikinsu ba. Yanzu ba mai yin fiye da awa biyu a jere a akwatin, kuma ba a buɗe shi a wayar hannu bayan an tashi aiki.

Masu karatu huɗu sun yi tayin taimakawa kyauta. Na ji daɗi ƙwarai. Ba zan ba su ikon gogewa ba, domin alhakin namu ne kuma mu ake biya, amma ƙorafinsu zai riƙa hawa saman layi, kuma za mu riƙa ganawa da su ta bidiyo sau ɗaya a wata.

Litinin, 3 ga Maris

Mako takwas sun cika. Na kai wa edita lissafi: mutum 940 suka yi rajista, amma kusan rabin tsokacin daga mutum 40 ya fito. Ban ɓoye masa wannan ba. Tun 2006 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya bayyana cewa a irin waɗannan wurare kashi 90 karatu kawai suke yi, 9 su tofa albarkacin bakinsu wani lokaci, 1 su yi yawancin maganar. Gyara bakwai muka yi a labarai ta dalilin masu karatu, labari biyu kuma daga wurinsu suka samo asali. Na sa daren 22 ga Janairu a shafin farko na rahoton.

Ya nemi a ƙara zuwa labari goma sha biyar a rana, tunda masu tsokaci sun fi daɗewa a shafi. Na ce, "Yallaɓai, ba za mu iya kallon sha biyar ba. A ƙara mana zuwa bakwai kawai, a ƙara mana mutum ɗaya na rabin rana." Ya yi shiru, sannan ya ce wata uku, bakwai, mutum ɗin kuma sai ya ga kasafi.

Na wannan mako: rubuta littafin jagora ga wanda zai zo, da misalan habaici ashirin da muka tara da hukuncin da muka yanke a kan kowanne. Wakilan ilimi da na noma sun yarda su gwada tambayar ƙarshen labari ranar Laraba. Wakiliyar nan da ta nuna mini wayarta ma ta turo saƙo ɗazu, ta ce labarinta na Juma'a tana so a buɗe, in zan zauna tare da ita awar farko. Na sa sunana a allo.